Kun Tambaya, Mun Amsa: Dirhamin Azurfar da 'Yan Tawaye Suka Buga a Zamanin Mongol

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga masu karatu mazauna Legas, kuma dukkansu a kan tsohuwar azurfa suke magana. Ta farko ita ce ta fi buƙatar dogon bayani, don haka da ita za mu fara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina saye da sayar da zinariya da azurfa a Yaba, ina zaune a Agege. Kwanakin baya wani mutum ya kawo mini wata 'yar tsabar azurfa siririya, faɗinta bai kai na tsohon sule ba, gefenta kuma ba a daidaice yake ba. A fuska ɗaya na karanta kalmar shahada da sunayen Abubakar da Umar da Usman da Ali, a ɗaya fuskar kuma akwai rubutun da ya gagare ni, amma ban ga sunan wani sarki ba. Mai ita ya ce 'yan tawaye ne suka buga ta a zamanin da Mongol suke mulkin ƙasashen Musulmi, saboda haka ya nemi kuɗin da ya ninka nauyinta sau da yawa. Shin da gaske ne 'yan tawaye suna buga kuɗi, kuma me ya kai su? Ta yaya zan gane ta gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da mutumin ya faɗa maka yana da tushe a tarihi, ko da yake tabbatar da cewa tsabar da ke hannunsa tana cikin waɗannan kuɗaɗe wani aiki ne daban, wanda za mu zo kansa a ƙarshe.

A daulolin Musulunci na da, abubuwa biyu ne suke nuna wanda ke riƙe da ƙasa: ambaton sunansa a huɗubar Juma'a, da buga sunansa a jikin kuɗi, wanda Larabawa suke kira sikka. Hakimi yana iya hana haraji ko ya ƙi amsa kiran sarki, a ce masa mai taurin kai, daga baya a sasanta. Amma ranar da ya umarci liman ya cire sunan sarki daga huɗuba, ya kuma sa maƙeran gidan buga kuɗi su sassaƙa sabon hatimi, to ya shelanta wa duniya cewa ya fita daga ɗa'a, kuma ba abin da ya rage tsakaninsu sai takobi. Huɗuba magana ce, iska tana tafiya da ita da zarar an sallame salla, ita kuwa azurfa tana shiga jakar fatake ta kai labarin garuruwan da ɗan aike ba zai kai ba. Ban da wannan, duk mai tawaye yana da rundunar da zai biya, sojoji kuwa ba sa cin alkawari. Mu a ƙasar nan mun ga irin wannan da idonmu, domin Biyafara ta fitar da takardun fam nata a watan Janairun 1968, ta kuma biyo da sulallan alminiyam a 1969, kuma dalilan ba su wuce waɗannan biyun ba.

Mongol, waɗanda littattafan Larabci suke kira Tatar, sun ci Bagadaza a 1258 ƙarƙashin Hulaku jikan Jengis Khan, suka kashe Halifa Musta'asim, suka kafa daular da ake kira Ilkhaniyya, wadda ta haɗe Farisa da Iraƙi da yawancin ƙasar da a yau ake kira Turkiyya. Ba su rushe dukkan sarautun da suka tarar ba. Da yawa sun bar su a kan gadonsu bisa sharaɗin biyan haraji da bayar da mayaƙa, kuma daga cikin waɗannan sarakuna da hakimai ne tawaye ya riƙa ɓullowa.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na birnin Konya, a ƙasar Turkiyya ta yau, a 1277. A wannan shekara Sarkin Misra Baibars ya shiga ƙasar ya karya rundunar Mongol a Elbistan, sai shugaban Turkawan Karaman, Muhammad Bey, ya ga dama ta samu, ya kama Konya, ya ɗora wani mutum a gadon sarautar Saljuƙawa, wato Turkawan da ke sarautar ƙasar a ƙarƙashin Mongol, yana cewa ɗan Sarki Kaikawus na biyu ne. Marubutan fada, waɗanda ke cin abinci a hannun Mongol da yaransu, ba su kira mutumin nan da komai ba sai Jimri, laƙabin ƙasƙanci da ke nufin mutumin banza, kuma da wannan suna ya shiga littattafai. Mulkinsa bai daɗe ba aka kama shi aka yi masa kisan wulaƙanci. Amma dirhamin azurfar da aka buga masa a Konya ya tsira, kuma a jikinsa an rubuta sunan da ya kira kansa da shi, wato Ala'uddin Siyawush ɗan Kaikawus, tare da laƙabin sultan. Ko da'awarsa gaskiya ce ko ƙarya, wannan 'yar azurfa ita ce wurin da aka bar shi ya yi magana da bakinsa. Wannan ne ya sa nake ganin darajar irin waɗannan kuɗaɗe ta wuce abin da sikeli zai nuna: wanda ya ci yaƙi shi ke ɗaukar marubuci, wanda aka ci kuwa sau da yawa ba ya barin wata shaida sai abin da maƙeri ya buga masa.

Bayan shekara arba'in da biyar, a 1322, hakimin da Mongol ɗin kansu suka naɗa a wannan ƙasa, Timurtash ɗan Amir Coban, ya sa aka yi huɗuba aka kuma buga kuɗi da sunansa, har ya yi da'awar shi ne Mahadi. Mahaifinsa, wanda shi ne babban kwamandan daular, shi da kansa ya tafi ya kamo shi ya kawo shi gaban Sarki Abu Sa'id, aka yafe masa aka mayar da shi kan muƙaminsa. Daga baya da gidansu ya faɗi ya gudu Misra, aka kashe shi a can a 1328.

Sai dai bayanin da ka yi, na tsabar da ba ta ɗauke da sunan sarki, ya fi kai hankalina ga wasu mutane da ake kira Sarbadar. Abu Sa'id ya rasu a 1335 bai bar magaji ba, manyan kwamandoji suka shiga kokawar gado, kowa yana tatsar talakawan yankinsa don ya ciyar da runduna. A 1337 mutanen wani ƙauye mai suna Bashtin, kusa da Sabzawar a ƙasar Hurasan, arewa maso gabashin Iran ta yau, suka kashe 'yan aiken hukuma da suka ci musu mutunci, suka ɗauki makami ƙarƙashin wani mai suna Abdurrazaƙ. Ma'anar sunan Sarbadar a Farisanci ita ce masu kai a kan gungumen rataya, domin sun ɗauki alkawarin ko su kawar da zalunci ko a rataye su. Tafiyar ta haɗa manoma masu gonaki da masu sana'ar hannu na birni da almajiran wani shehi mai suna Hasan Juri, kuma wannan gamin bai taɓa zama lafiya ba, har ta kai shugabanninsu wajen goma sha biyu ne suka yi mulki cikin ƙasa da shekara hamsin, yawancinsu kuma mutanensu ne suka kashe su.

Kuɗinsu yana bin wannan tarihi taki bayan taki. Akwai lokacin da suka buga azurfa da sunan Toga Timur, wani daga zuriyar ɗan'uwan Jengis Khan da ke da'awar gadon Ilkhaniyya, alamar cewa sun sunkuyar da kai na ɗan lokaci saboda ƙarfinsu bai kai ba. A 1353 shugabansu Yahaya Karawi ya shiga sansanin Toga Timur kusa da Astarabad da sunan mubaya'a, mutanensa suka kashe shi. Kuɗin da suka buga da ikon kansu kuwa galibi ba ya ɗauke da sunan kowane shugaba, sai kalmar shahada da sunan gari da shekara. Wasu suna da sunayen halifofi huɗu kamar yadda ka gani, na zamanin shugabansu na ƙarshe, Ali Mu'ayyad, kuma suna ɗauke da sunayen imamai goma sha biyu na Shi'a. Wani Ba'amurke mai suna John Masson Smith ya fitar da littafi a kansu a 1970, kuma da waɗannan kuɗaɗe ya gyara shekarun da littattafan tarihi suka saɓa a kai. Ali Mu'ayyad ya miƙa wuya ga Taimur, mayaƙin sarkin nan na Samarƙand, a 1381, daga nan daular ta zama labari.

Akwai abin da kai ɗan kasuwa za ka fi kowa fahimta. Mai tawaye yana sauya suna, amma da wuya ya taɓa kamannin kuɗin da nauyinsa, domin idan mai sayar da hatsi ya juya tsabar ya ga baƙuwa ce, ba zai karɓa ba. Sarakunan Mongol kansu sun ɗanɗana wannan a 1294, lokacin da Sarki Gaikhatu ya kwaikwayi Sin ya fitar da kuɗin takarda a Tabriz, ya ce duk wanda ya ƙi karɓa a kashe shi. 'Yan kasuwa suka rufe rumfunansu, abinci ya ɓace daga birni, cikin wajen wata biyu aka janye takardun. Saboda haka kuɗin ɗan tawaye da na sarkin da ya yi wa tawaye sukan yi kama ƙwarai, kuma bambancin yakan tsaya a kalma biyu ko uku.

Wannan ya kawo mu kan tsabar da aka kawo maka. Rashin ganin sunan sarki bai isa hujja ba, domin sau da yawa hatimin ya fi azurfar faɗi, ko gudumar ta sauka a karkace, sai sunan ya faɗa waje. Wani lokaci kuma sunan yana nan da rubutun Uigur na Mongol, wanda mai karatun Larabci zai ɗauka ado ne. Abin da za a nema shi ne kalmar "duriba", wato an buga, da sunan garin da ke biye da ita, sannan shekarar hijira, wadda galibi da kalmomi ake rubuta ta a kewayen gefe. Idan garin Sabzawar ne ko Astarabad ko Damgan, shekarar kuma ta faɗo tsakanin 737 da 783, to maganar mutumin ta fara ƙarfi. Game da jabu, ka tuna cewa ta gaskiya bugawa aka yi tsakanin hatimai biyu na ƙarfe, don haka bakin haruffanta yana da kaifi, ita kuwa ta zubi haruffanta a dasashe suke, jikinta yana da 'yan ramuka, gefenta kuma yakan nuna layin da aka haɗa mazubi. Ka auna ta da sikelinka na giram, ka rubuta nauyin, ka ɗauki hoton fuskokin biyu a hasken rana, ka nuna wa wanda ya saba karanta tsohon rubutun Larabci, ko ka leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan ka nemi shawara. Kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, kada kuma ka ɗiga mata ruwan gwaji, domin duhun da ke jikinta yana cikin shaidar shekarunta.

Ka kuma san cewa dirhamin Ilkhaniyya na yau da kullum yana da yawa a hannun masu tara tsoffin kuɗaɗe, kuma ba shi da tsada sosai. Na 'yan tawayen da suka yi 'yan watanni ne ke da wuyar samu. Ka tambayi mutumin inda ya samo ta, domin Turkiyya da Iran duk sun haramta fitar da kayan tarihi daga ƙasarsu ba da izini ba. Shawarata ita ce kada ka biya fiye da kuɗin azurfarta kafin a karanta maka gari da shekara, kuma ko ka saye ta a hakan, ina roƙonka kada ta shiga tukunyar narki.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun tarihi a jami'a, ina zaune a Idi-Araba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutanen da suka rushe Bagadaza za su buga kuɗi da kalmar shahada. Kuma idan sarakunan sun musulunta daga baya, waɗanda suka yi musu tawaye 'yan tawaye ne ko masu jihadi?

AMSA: Malama, kalmar shahada ta riga musuluntar Mongol hawa kuɗinsu da shekaru masu yawa. Tun lokacin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira, mutanen waɗannan ƙasashe ba su san wani kuɗi ba sai mai kalmar tauhidi, kuma ma'aikatan gidajen bugawa Musulmi ne da suka gaji sana'ar. Mongol haraji suke so, haraji kuwa sai kasuwa tana ci, don haka suka bar abin yadda suka same shi suka ƙara nasu sunan. Akwai kuɗin da aka buga a Gazna da sunan Jengis Khan wanda yake ɗauke da sunan Halifa Nasir na Bagadaza, Hulaku ma dirhaminsa yana da kalmar shahada tare da ambaton babban Khan, wato shugaban dukkan Mongol. A Tiflis ta ƙasar Jojiya kuwa, inda jama'a Kirista ne, an buga wa magadansa dirhami mai alamar gicciye. Wannan yana nuna miki cewa rubutun addini a kuɗin farkon daular ya fi ba da labarin talakawan da ke kashe shi, bai cika nuna abin da ke zuciyar sarki ba.

Lamarin ya sauya da Gazan Khan, wanda ya musulunta a 1295 ya yi mulki har 1304. Shi ne ya daidaita kuɗin daular baki ɗaya, ya tsayar da dirhami a kan giram biyu da ɗan ɗoriya, dirhami shida kuma su zama dinarin azurfa ɗaya. Ya kuma daina ambaton babban Khan da ke zaune a Sin a jikin kuɗinsa, wanda idan kika auna da ma'aunin huɗuba da sikka, shi ma fita daga ɗa'a ne, sai dai babu mai ƙarfin da zai kira shi ɗan tawaye. Ƙanensa Uljaitu ya fara da sunayen halifofi huɗu, sannan wajen 1309 ya koma Shi'a aka sauya hatimai zuwa imamai goma sha biyu, ɗansa Abu Sa'id kuma ya dawo da halifofin.

Game da tambayarki ta biyu, ba zan ba ki hukunci ɗaya da zai rufe su duka ba, domin ba abu ɗaya ya tayar da su ba. Na Konya ya tashi ne a lokacin da sarkin Mongol ba Musulmi ba ne. Timurtash kuwa Bamongole ne Musulmi da ya yi wa Bamongole Musulmi tawaye, kuma neman mulki ya fi bayyana a lamarinsa. Sarbadar zaluncin masu karɓar haraji ne ya fara tunzura su, wa'azin shehunai ya ƙara wa wutar iska. Abin da zan ba ki shawara ki riƙa dubawa shi ne sunan da mai tawayen ya sa a gurbin wanda ya cire. Bayan 1335 kwamandoji da yawa sun riƙe ƙasa a hannunsu amma ba su yarda su buga sunansu ba, sai su nemo wani daga zuriyar Jengis Khan su ɗora a buga da sunansa, har da mace, Sati Bek 'yar'uwar Abu Sa'id, wadda aka buga wa azurfa a 1338 da 1339 a garuruwa da dama. Eretna, wanda ya gaji ikon Timurtash, ya jingina da Sarkin Misra kafin ya kira kansa sultan. Mubarizuddin Muhammad, da ya ci Shiraz a 1353, ya yi mubaya'a ga halifan Abbasiyawa da ke zaune a Alƙahira, wanda ba shi da soja ko ɗaya, ya sa sunansa a huɗuba da kuɗi. Kowannensu yana neman inuwar da jama'a za su yarda da ita ne, kuma daga inuwar da ya zaɓa za ki gane irin hujjar da yake ganin za ta karɓu a garinsa. Wannan fage ne mai kyau ga ɗalibi, kuma Larabcin da yawancinmu muka taso da shi a makarantar allo da ta ilimi ya ba ki rabin makamin da ake buƙata.

TAMBAYA: Malam, na gaji wasu tsoffin sulallan azurfa daga mahaifiyata, ina ajiye da su a gidana a Obalende. Wasu liyari ne, wasu kuma ƙanana masu rubutun Larabci. Shin in sun kai ɗari biyu zan fitar musu da zakka, kuma ya halatta in taɓa masu ayoyi ba tare da alwala ba?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiya. Nisabin azurfa dirhami ɗari biyu ne, amma dirhamin shari'a ake nufi, wanda nauyinsa ya kusa giram uku, jimla wajen giram 595. Dirhamin Gazan bai kai wannan nauyi ba, waɗanda aka buga bayan rasuwar Abu Sa'id kuma an yi ta rage musu nauyi saboda yaƙe-yaƙe, liyari ɗaya kuwa ya kai giram 28. Saboda haka ƙirga ba ta da amfani a nan, sai awo. Ki kai su a ɗora a sikeli, a kuma duba yawan azurfar da ke cikinsu, domin liyari ma gami ne da jan ƙarfe. Idan sun kai nisabi su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinki, shekara kuma ta zagayo, za a fitar da ɗaya bisa arba'in. Kada shekarar 1780 da ke jikin liyari ta sa ki ɗauka duka a lokacin aka buga su, domin an ci gaba da buga su da wannan shekara har bayan ƙarni biyu.

Taɓawa kuma malaman Malikiyya sun sauƙaƙa a kai, Muhtasar na Shehu Halil ma ya cire dirhami daga abubuwan da aka hana marar alwala taɓawa, domin ba Alƙur'ani ake nufi da ɗaukarsa ba. Duk da haka ki girmama sunan Allah da ke jikinsu, ki naɗe kowanne daban a takarda mai tsabta don kada su goge juna, ki ajiye su inda damshin Legas ba zai kai gare su ba. Ƙananan masu rubutun Larabci kuma ki aiko mana da hotonsu gaba da baya, tare da nauyin kowanne, mu gwada karanta miki garin da aka buga su da shekarar.